Bututun Kwalin Malam Abdulrahim

"An fasa!"

Zulaiha na durƙushe gaban kasko tana juya turaren wutar da ake haɗa mata na aure. Cokalin ya suɓuce daga hannunta.

"Baba... me aka fasa?"

"Auren!" in ji Alhaji Jaji, gemunsa har rawa yake. "Ni ba zan ba mai leƙen gidajen mutane 'yata ba. Ungo, kalli malamin naki!"

Ta karɓi wayar da ya miƙo mata.

Ɗan gajeren bidiyo ne. Ga Abdulrahim nan a tsakar gidansu na Katagum, riƙe da wani dogon bututun kwali, ya ɗaga kan bututun ya zarce katanga. Murmushin nan nasa yake yi, wanda ya saba hana ta barci.

"Kun gani?" yake cewa. "Ina tsaye a nan, amma duk abin da ke bayan katangar ina kallonsa."

Sai aka kara wayar a ƙasan bututun. Ga wata mace zaune gaban murhu, ta ba da baya. Nan bidiyon ya yanke.

"Innalillahi..."

"Talatu ce ta kawo mana, Allah ya yi mata albarka," in ji mahaifiyarta, Hajiya Yakaka. "Har da hawayenta, wai tausayinki take ji."

Tausayi! Duk layin nan na Azare wa bai san Talatu ba? Maƙwabciyarsu ce, wadda ta gaji da aika wa Abdulrahim dambun nama yana mayar mata da kwano da godiya kawai. Amma ko ma wa ya kawo, ai ido ya gani.

Zulaiha ta shige ɗaki ta faɗa kan gado, ta yi kuka mai isarta.

Fiziks ne ya haɗa su. Darasin nan ne ya kayar da ita a jarrabawar fita sakandare, har ta rantse ita da shi sai a lahira. Sai ta ji labarin wani malami da ya buɗe aji ta waya saboda 'yan matan Disina da Zadawa da Hardawa, waɗanda makarantunsu ba su da kayan gwaji. Da murfin kwalba da zare da madubin kasuwa yake nuna abin da littafi ya kasa fahimtar da su. Ta shiga don ta ci jarrabawa. Ta ci kuwa, sai dai ba ta fita ajin ba, shi ma bai tambaye ta dalili ba.

Wayarta ta yi ƙara. Shi ne. Ta bari ta katse, ta sake katsewa, sannan zuciya ta ci ta ta ɗauka.

"Wace ce?"

"Hasken idona, ko sallama babu?"

"Kar ka ƙara kira na haka! Wace ce matar bayan katanga? Baba ya ce an fasa, Abdulrahim... an fasa!"



"Zulaiha," ya ce a hankali, "wanne kika kalla a ciki?"

"Kamar yaya wanne?"

"Yaushe rabonki da aji?"

Tun da aka fara hidimar biki ba ta leƙa ba. Sai yanzu abin ya faɗo mata: Abdulrahim bai taɓa tura darasi a dunƙule ba. Sabis ɗin ƙauye ba ya iya jan dogon bidiyo, data kuma tsada, don haka gutsuttsura shi yake yi, kowace ɗaliba ta sauke kaɗan-kaɗan.

"Wato ɗalibata ta yi fashin aji," ya ce cikin zolaya. "Ba zan kare kaina ba. Je ki kalla da idonki. In kin gama kika ce ba kya so na, na haƙura."

Ta kashe wayar, ta ruga gindin tankin ruwa, nan ne kaɗai sabis ke kamawa sosai a gidan. Ta danna gutsuren farko. Ɗan da'irar nan ya shiga juyawa kamar ba zai cika ba, ita kuwa ba addu'ar da ba ta karanto ba.

Ya buɗe.

Abdulrahim ne yana nuna madubi biyu, ɗaya a saman bututun, ɗaya a ƙasa, yana bayanin yadda haske ke dukan na sama ya karyo ya faɗo kan na ƙasa. Sannan ya ajiye, ya fuskanci katangar, ya ɗaga murya irin ta magina in za su hau rufi.

"Salamu alaikum! A yi sutura, za a leƙo ta sama!"

Wata tsohuwar murya ta amso daga can.

"Kai ɗan nema, wa ke sashen nan in ba ni ba? Leƙo ka ga matarka!"

Zulaiha ta toshe baki. Inna Mariyamu! Kakarsa!

A gutsuren ƙarshe tsohuwar ta juyo, bakin nan ba haƙori ko ɗaya, tana kaɗa wa madubin muciya.

"Ka gaya wa 'yar Azaren nan na riga ta!"

Dariya da kuka suka haɗe wa Zulaiha. Wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har tafin ƙafa, ta zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti ba ta ma sani ba.

Ta sami Baba a zaure yana jan carbi da ƙarfi, ta durƙusa.

"Baba, don girman Allah ka kalla daga farko. Tsakiyar kawai aka kawo maka."

Ya harare ta, amma ya karɓa. Da aka zo wajen sallamar, yatsunsa suka tsaya a kan carbin. Da Inna Mariyamu ta kaɗa muciya, ya yi tari don kar dariya ta ƙwace masa.

"Ki ce ya zo gobe," ya ce. "Ya taho da kwalin."

Talatu kuwa, da Hajiya Yakaka ta aika kiranta, sai aka ce ta tafi Misau duba mara lafiya.

Washegari da hantsi Abdulrahim ya durƙusa a farfajiyar da ke tsakanin zaure da cikin gida, kansa a ƙasa, bututun na gefensa.

"Ka yi sallama, na gani," in ji Alhaji Jaji. "Amma kai da ka yanka abu gunduwa-gunduwa, ba ka yi tunanin wata gunduwar za ta yi tafiya ita kaɗai ba?"

"Na yi kuskure, Baba. Daga yau kowane gutsure zai fara da bayanin inda aka tsaya."

"Miƙo nan."

Alhaji ya juya bututun, ya leƙa ta sama, ya leƙa ta ƙasa. Sai ya miƙe ya nufi katangar cikin gida, ya gyara murya.

"A yi sutura, za a leƙo ta sama!"

Zulaiha, wadda tun ɗazu kunnenta ke manne da katangar, ta daskare. Ta ɗaga kai, sai ga ɗan madubi yana kallonta, ga hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta. Gudu ma ya gagare ta.

"Ikon Allah!" ta ji Baba ya ce. "Abin nan ba ya ƙarya. Ga wata nan tana kuka tana dariya. To, a bar ranar yadda aka sa ta."

Ta jingina goshinta da katangar tana ta hamdala.

"Baba," ta ji muryar Abdulrahim ƙasa-ƙasa, "ko zan ɗan duba... in ga ko madubin ya zauna daidai?"

Madubin ya sauka daga kan katangar.

"Ya zauna daidai," in ji Alhaji Jaji, ya saƙale bututun a hammata. "Kai sai bayan ɗaurin aure."