Mai Neman Aikin Fito

A zamanin da, wani mai jirgin fito ya nemi matuƙi ɗaya. Mutum ashirin suka zo, har da wani magidanci da ambaliya ta cinye wa gona.

Kowa aka tambaya sai ya ce, "Na san kogin nan kamar yunwar cikina." In mai jirgi ya ce, "Ina dutsen da ke fasa jirgi?" sai ya kasa nunawa.

Magidancin kuwa ya ce, "Maigida, ban san kogin ba, amma kwana uku ina bin masunta da tambaya. Dutsen yana daura da tsamiyar can."

Mai jirgi ya miƙa masa filafili, ya ce, "Gobe da sassafe."

Magidancin ya karɓa, ya yi godiya, ya samu aiki.