Amfiya Huɗu Ba Ta Ƙona Gida

Da hantsi aka kawo rahoton: gobara a ɗakin haya, tsoho ɗaya ya rasu. Kafin Sufeto ya isa, unguwa ta gama yanke hukunci. Tsohuwa ce ta bar dutsen guga a kunne ta tafi kasuwa, hayaƙi ya turnuƙe mijinta da ya shekara shida ba ya tashi. Tsufa ai mantuwa ne, in ji kowa, har da waɗanda ke neman makullinsu alhali yana hannunsu.

Ya same ta zaune a kan turmi a tsakar gida, ba kowa kusa da ita. Masu jaje sun tsaya nesa-nesa.

"Iya, sannu da haƙuri."

"Ba sai ka wahala ba, yallaɓai. Ni ce. Rubuta."

"Kin tuna kin bar shi a kunne?"

"Ban tuna na kashe ba. Shekara arba'in da bakwai ina kula da mutumin nan, ga yadda na sallame shi."

Sufeto bai rubuta komai ba. Shi ma shekara uku ke nan da rasuwar matarsa, yana komawa ɗakin da ba mai amsa masa sallama, ya san yadda mutum ke neman laifin da zai rungume don kada ya zauna hannu wofi.

Ya shiga ɗakin. Silin ya cinye ƙurmus daga kusurwar gabas, wayar lantarki ta narke ta zubo. Dutsen gugan kuwa yana tsaye a kan tebur, zanen da ke ƙarƙashinsa toka kawai ta zubo masa.

Ya dubi sajen da ya rako shi. "Saje, wutar da ta tashi daga tebur, ta tsallake teburin ta fara da rufi?"

"Wuta ba ta da ido, oga."

"Amma tana da hanya. Ɗauko dutsen."

Mai gyaran wuta na bakin kasuwa ya jona dutsen, ya maƙala mitarsa.

"Bolt ɗari biyu da ashirin, amfiya huɗu yake ja."

Sufeto ya juya bayan takardar rahoto. "Raba bolt da amfiya, turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta, om hamsin da biyar. Lafiya ke nan?"

"Garau. Da ya lalace ta ciki, turjiyar za ta faɗi ƙasa warwas, ya yi ta zuƙar wuta."

"Ninka bolt da amfiya kuma, ƙarfinsa wat ɗari takwas da tamanin. Zai narka wayar silin?"

Mutumin ya yi dariya. "Ko kwana bakwai zai yi a kunne. Irin wayar nan sai an ɗora mata amfiya ashirin da wani abu. Kafin nan ma fis, ɗan zaren da ke katse wuta in ta yi yawa, ya ƙone."

Suka koma gidan. Saje ya zare fis ɗin daga bango. Maimakon siririn zare, jan ƙarfe ne mai kaurin tsinken ashana aka naɗa.

"Iya, wa ya gyara muku wannan?"

"Ɗan ƙanin malam, mai walda. Ga shagonsa nan jikin bangonmu. Ɗan albarka, makon jiya fis ya yi ta ƙonewa, tun da ya taɓa shi bai ƙara ba."

Mai walda yana zaune a ƙofar shago, idanunsa jawur, rabin ƙofar ƙarfe na jingine a gefensa.

"Yau ka yi aiki?"

"Kaɗan, ranka ya daɗe. Da janareto."

"Tayar min da shi."

Ya ja igiya sau biyar, ko tari injin bai yi ba. Sufeto ya buɗe tanki ya zura yatsa. A bushe, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin bututun hayaƙinsa.

"Wutar shagon fa?"

"Layinmu ya lalace tun watan jiya."

"To da me ka haɗa rabin ƙofar nan? Da yawu?"

Saje ya janye wani fallen kwano daga jikin bango. Ga rami ya ɓulla ɗakin tsohon, ga guntun baƙar waya da aka datse da gaggawa. Sufeto ya sunkuya ya karanta farantin jikin injin walda.

"Amfiya talatin. Sau ɗari biyu da ashirin, wat dubu shida da ɗari shida. Kusan dutsen guga takwas ka ɗora wa wayar ɗakin baffanka, bayan ka cire abin da zai tsare shi."

Mai walda ya zame ya zauna a ƙasa. "Kwana uku kawai na ce, in gama ƙofar. Wallahi ban san zai kai haka ba. Da na ji ana cewa Inna ce, sai bakina ya ƙi buɗuwa."

"Kana jin ta tana cewa ita ta kashe shi."

"Ina ji."

Aka sa masa ankwa. Da aka biyo da shi ta tsakar gida ya ce, "Inna, ki yafe ni." Ba ta ɗago ba. Hannun rigar Sufeto ta kama.

"Kada ka lallashe ni, yaro. Na ga 'yan sanda masu tausayi, ƙarya suke yi. Faɗa min lissafin."

Ya tsuguna ya faɗa mata, a hankali, tun daga bolt.

"Ɗari biyu da ashirin sau huɗu," ta ce, tana motsa leɓe. "Ɗari takwas da tamanin. Ko da na bar shi a kunne?"

"Ko da kin bar shi, Iya."

Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin. Motar 'yan sanda ta tashi da mai walda, masu jaje suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa dama shi bai yarda ba. Ba ta kula su ba. Sai a lokacin ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fara yi wa mijinta kuka.