Kofin Shayin Gidan Amemiya

Idon Fumika na kan kofin shayin da tsoho Amemiya ya dire mata. Ba shayi ba ne a ciki. Farar giyar inabin gidan ce, wadda a nan garin Katsunuma ake tsiyayowa daga doguwar kwalba.

"Sha mana, 'yar Tokyo," in ji Shizuka, 'yar maƙwabta, da ta cika kofin har baki. "Ko ta ƙauye ba ta kai matsayinki ba?"

Tsohon ya zuba wa Fumika ido.

Wata bakwai ke nan duk Asabar Fumika na hawo jirgin ƙasa na safe, ta karɓi keken haya a tasha, ta gangaro cikin gonakin inabi saboda saurayinta Tatsuro, ɗan tsohon. Sai yau tsohon ya yarda ta zauna a ƙarƙashin rumfarsa. Shi dai Shizuka yake so wa ɗansa. Kullum maganarsa ɗaya ce, 'yan birni masu keke da hantsi suke zuwa, jirgin ƙarfe biyar ya kwashe su.

Ita kuwa Shizuka ta san tarkon da ta ɗana. A garin nan wanda ya kurɓa ba ya hawa keke, kuma tsohon ba ya yafe wa mai karya wannan doka. In Fumika ta ƙi sha, ta raina gidan. In ta sha, tasha na can kan tudu, tafiyar awa guda a ƙafa, ga hadari ya haɗo.

"Baba, da keke ta zo..." Tatsuro ya fara.

"Tana da baki."

"To ni zan kai ta a mota."

"Da kofi biyun da na ba ka ɗazu?" Shizuka ta ƙyalƙyale da dariya.

Fumika ta dubi Tatsuro, ya girgiza mata kai a hankali.

"Fumi, sanyin idona, ba dole ba ne..."

Ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta shanye tas. Ƙwalla ta cika mata ido. Ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa tabarma.

"Na gode, Baba. Ta yi daɗi."

Ta miƙe ta kama ƙahon kekenta. Tatsuro ya zabura zai bi ta.

"Zauna," in ji tsohon.

Ba ta waiwaya ba. Turawa take yi tana hawa tudu, ruwa ya goce, rigarta ta manne a jikinta. Hanyar babu kowa. In ta ɗare keken nan wa zai gani? Sau biyu ta ɗora ƙafa a feda, sau biyu ta sauke.

Daga nesa ta ji jirgin biyar ya wuce. Nan kukan ya ƙwace mata.

Sai kawai ta ji ruwan ya daina taɓa ta.

Lema ce a kanta. Tsoho Amemiya ne, yana haki, takalmansa duk laka.

"Tun daga kwanar farko nake bayanki," in ji shi. "Na ga ba ki hau keken ba. Saurin tsiya gare ki."

"Baba, ni..."

"Kofin nan na marigayiya matata ne. Shekara shida ba wanda ya sha a ciki. Ita ma ranar da ta fara zuwa gidanmu, a ƙafa ta hau tudun nan." Ya karɓe keken daga hannunta, ya juya baya. "Kai, sakarai, fito ka riƙe mata lemar."

Tatsuro ya ɓullo daga bayan rumfar inabi, jiƙe sharkaf, yana dariya yana share ido.

"Asabar mai zuwa ki taho da mahaifiyarki, mu yi maganar aure," in ji tsohon, yana tura keken gaba. "Kofin kuma ke za ki riƙa wanke abinki. Na gaji da goge shi."