Esin Falo Ba Ya Sanyi

Ƙarfe goma na safe aka shigo da mai gyaran esi caji ofis, wuyan rigarsa a yage. Wanda ya tuso ƙeyarsa wani saurayi ne fes-fes, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Ina ogan wurin nan?" in ji saurayin.

Insifekta ta ɗago daga fayil ɗin da take dubawa. A shekara goma sha shida da ta yi tana aiki, ta lura masu ɗaga murya a gaban kanta su suka fi ƙarancin abin faɗa.

"Ga ni."

Ya dube ta sama da ƙasa. "To, Madam. Ni ne Injiniya. Wannan ɓarawon ya kwashe zinaren matar yayana jiya. Sarƙa da awarwaro huɗu, na marigayiya mahaifiyarmu."

"Injiniyan me?"

"Injiniya dai. Kowa ya sani."

Saje, da ke rubutu a gefe, ya yi tarin da ba na mura ba.

"Ka gan shi ya ɗauka?"

"Shi kaɗai ne baƙon da ya shiga ɗakin. Kawai ku kai shi kotu. Na riga na saka hotonsa a guruf ɗin unguwa, kowa ya yi hattara."

Da jin haka mai gyara ya runtse ido. Insifekta ta lura ba ambaton kotu ne ya taɓa shi ba, hoton ne. Gidajen unguwar nan su ne abincinsa.

Ta sallami Injiniya, ta ce za su biyo shi gida. Sannan ta sa aka ba mai gyara kujera.

Magidanci ne mai kamar shekara hamsin, fatar hannunsa duk tabon walda.

"Me ya kai ka gidan?"

"Matar gidan ce ta kira ni, ranki ya daɗe. Ta ce esin falo ba ya sanyi, kuma tana da baƙi ƙarshen mako. Da na je ta ce tunda na zo, in fara wanke na ɗakinta."

"Kai kaɗai ka shiga?"

"Ina! Injiniya na tsaye a kaina, yana koya mini yadda ake riƙe sukudireba. Na buɗe murfin, na zare ragar da ke tace ƙura, filta ke nan, na wanke na mayar."

"Na falon fa?"

"Nan muka ɓata. Na sa hannu a bakinsa, na ƙure gudun fankar da rimot, iskar da ke fita ba ta kai numfashin jariri ba. Na jawo tsani zan buɗe, sai ya riƙe tsanin. Wai gas ne ya ƙare, in fita waje in zuba masa gas."

"Ba haka ba ne? Ni ma in nawa ya ƙi sanyi, abin da nake cewa ke nan."

Mai gyara ya ɗan murmusa. "Kowa haka yake cewa, ranki ya daɗe. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. In ya ragu, to wani wuri ne ke yoyo. Na fita na duba injin waje: fanka na juyawa, kwamfaresa na aiki. Na shafa kumfar sabulu a duk mahaɗar bututu, ko ƙwal ɗaya bai taso ba. Sai ƙanƙara da ta kama bututun. Kuma in gas ne, iska za ta fito da ƙarfinta, sanyi ne kawai babu. Wannan iskar ce ba ta samun hanya. Wani abu ya toshe ta daga ciki."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce shi ya karanta abin a jami'a, ni a bakin titi na tsinta. Na ce ba zan zuba gas a injin da bai nema ba. Ya kore ni. Yau da safe ya zo shago da wasu samari suka shaƙe ni a gaban maƙwabta."

Insifekta ta rufe littafinta. "Saje, mu biya shagonsa mu ɗauki jakar aikinsa. Da shi za mu tafi."

Gidan irin wanda ake ginawa don masu wucewa su gani ne. Falon ya ishi mutum arba'in, labule har ƙasa, tagogi a garƙame, zafi kuwa kamar gidan burodi. Matar gidan na zaune tana fifita da mujalla. Maigidan ya yi tafiya, Injiniya ya gaji kujerarsa, har da ɗora ƙafa a kan tebur.

"Me ya dawo da wannan mutumin gidan nan?" Ya nuna mai gyara da makulli.

"Ni na kawo shi. Sauke ƙafarka."

Ya sauke.

Insifekta ta juya ga matar gida. "Yaushe rabonki da zinaren?"

"Jiya da safe, kafin ya zo. Da idona na gani."

"Zinaren kika gani ko akwatinsa?"

Fifitar ta tsaya. "Ai akwatin na nan inda yake."

"Kin buɗe?"

"To... ban buɗe ba. Sai yau, da Injiniya ya ce in duba kayana, wai bai yarda da take-taken mutumin ba."

"Rabonki da buɗewa?"

"Ya kai sati biyu."

Wato da idon da bai ga komai ba aka yaga wa mutum riga. Insifekta ba ta faɗa ba, ta dai rubuta, ta ja layi a ƙasa har biro ya kusa huda takarda.

Ta taka zuwa ƙarƙashin esin. Wani dogon tabon ruwa ya gangaro daga gindinsa, ya kumbura fentin bango. A ƙasa an ajiye roba, rabinta ruwa.

"Wannan fa?"

"Shi ke ɗiga," in ji matar gida. "Tun ranar Litinin. Ranar ya fara iskancin nan."

"Mai gyara kuma jiya Alhamis ya zo."

"Haka ne."

Insifekta ta waiwaya. "Malam, me ke sa esi ɗiga haka?"

"Ko bututun da ke fitar da ruwa ya toshe, ko ƙanƙara ta taru a ciki saboda iska ba ta ratsawa. In aka kashe shi, sai ta narke ta zubo. Bututun na busa shi jiya daga waje, lafiya lau yake."

Injiniya ya yi dariya. "Madam, yanzu ɓarawo ne ke ba 'yan sanda lacca? Matsalar gas ce. Zan kawo ƙwararre daga kamfani."

Ba ta kula shi ba. Ta ɗaga kai tana kallon murfin. Ƙura ta kwanta a samansa lif, ta shekara guda ko fiye, domin a irin wannan gida ana goge abin da baƙo zai gani ne kawai. Amma a gefe biyu, daidai inda ake kamawa a ɗaga, akwai shatin yatsu, huɗu nan, huɗu can.

"Wa ya taɓa buɗe wannan a gidan nan?"

Matar gida ta ware ido. "Au, buɗewa yake yi?"

"Ni ban taɓa ba," in ji Injiniya. "Shi ne, jiya."

"Ɗazu a waya ka ce mini ka hana shi taɓawa, don kada ya lalata," in ji matar gida.

"Anti, ki bar ni in yi magana da hukuma."

Insifekta ta zauna a hannun kujera, daf da shi. Gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga, kuma ba duka ne na zafin falon ba.

"Taimaka mini, Injiniya, ni ban yi karatunku ba. Esin ɗaki lafiyarsa ƙalau, ka bari an buɗe shi an wanke. Na falo shi ne mara lafiya, shi kuma ka riƙe tsani. Me ya sa?"

"Garanti. In aka buɗe, garanti ya lalace."

"Shekararsa nawa?"

"Tun kafin in haifi ta biyu," in ji matar gida a hankali. "Bakwai." Yanzu ba Insifekta take kallo ba, ƙanin mijinta take kallo.

"Malam, kafa tsaninka."

Injiniya ya miƙe. "Sai yayana ya dawo! Ba mai taɓa kayan gidan nan!"

Saje ya ɗora masa hannu a kafaɗa, a hankali, kamar mai gaisuwa. Ya koma ya zauna.

Mai gyara ya kashe esin daga bango, ya hau. Ya sa manyan yatsunsa a gefe biyu, murfin ya ɗaga da 'yar ƙara. Ya tsaya, bai taɓa komai ba.

"Ranki ya daɗe, gara ki hau ki gani da kanki."

Ta hau. A kan filtar, daga wannan gefe zuwa wancan, an shimfiɗa wata baƙar leda mai kauri, an manne ta da salatif. Ko sauro ba zai ratsa ba, balle iska. Bayanta ƙarfen esin ya yi fari fat da ƙanƙara. Ta ɓamɓaro ledar. Tana da nauyi, sanyinta har ƙashi.

A kan tebur ta warware ta. Farar singileti ce a ciki, a jiƙe, an jera kayan a kwance don murfi ya rufu. Sarƙa ɗaya, awarwaro huɗu.

Matar gida ba zinaren ta fara ɗauka ba. Singiletin ta ɗaga, ta juya wuyanta. Akwai ɗigo biyu na jan zare.

"Ni na sa wannan alamar," ta ce. "Don mai wanki ya daina haɗa kayanka da na yayanka."



"Na mahaifiyata ne!" Muryar Injiniya ta fashe. "Uwata ce, ba taki ba! Don kin yi jinyarta wata shida sai ta tsallake ɗan cikinta ta ba ki? Me zan nuna wa wadda zan aura?"

"Wata shidan nan sau nawa ka leƙo ɗakinta?" in ji matar gida.



"Yaushe ka ɗauka?" in ji Insifekta.

"Lahadi. Da ta kai yara gidan kakarsu." Ya sunkuyar da kai. "Na san in ta gane, ɗakina za a fara bincikawa. Na ce nan ba mai buɗewa. Na ce in ƙura ta lafa sai in fitar."

"Da mai gyara ya zo fa?"

"Na ga... na ga in aka ce shi ne, shi ke nan an daina nema."

Insifekta ta daɗe tana kallonsa. Ta kama ɓarayi iri-iri, wasu har tausayi suke ba ta. Wannan ya rasa inda zai ɓoye sata sai a hancin injin da ke numfashi, ya toshe shi ruf, sannan ya zauna kwana biyar yana gumi a ƙarƙashinsa yana kiran kansa injiniya.

"Ba ni wayarka. A'a, riƙe, kai za ka rubuta. Guruf ɗin da ka saka hotonsa. Rubuta: mai gyara bai ɗauki komai ba, ni na ɗauka."

Ya rubuta. Ta karanta, ta sa ya gyara inda ya ce "an samu rashin fahimta", sannan ya tura. Saje ya danna masa ankwa.

Matar gida ta juya ga mai gyara, ta kasa haɗa ido da shi. "Malam, don Allah ka yafe mana. Rigarka..."

"Ba komai, Hajiya." Ya riga ya zaro filtar, ƙura ta yi mata bargo. "A bar shi a kashe awa biyu, ƙanƙarar ta narke. Wannan kuma a riƙa wanke ta duk wata. Ruwa kawai take so."

A waje rana ta take. Motar 'yan sanda ta daɗe a cikinta, kujerun sun yi zafin da ba a taɓawa. Injiniya ya leƙa bayan motar, ya ja baya.

"Haba, ofisa, a nan zan zauna? Ku kunna esi mana."

Saje ya tura shi ciki, ya rufe ƙofa.

"Yi haƙuri, Injiniya," ya ce. "Gas ɗinmu ya ƙare."