Bindigar Jibirin a Bikin Garo

Bayan la'asar 'yan bindiga shida suka jeru a wani bikin aure a garin Garo, aka danna kunama. Biyar suka tashi lafiya. Ta shida ta tarwatse a hannun Jibirin, gwaninsu, ta tafi da yatsunsa uku.

Kafin 'yar sanda Sajan Pamela Jang ta iso daga Kabo, gari ya gama yanke hukunci. Mutanenmu ke nan, ba sa jira. Wai laifin Marka ne, tsohuwar da ke daka musu albarushi, kuma gobe sai ta bar garin.

"Inna, ke kika daka?" Pamela ta tambayi Marka da isowarta.

"Ni ce, 'yar nan. Turmi ɗaya, kuma su shidan duk daga ciki suka ɗiba."

Pamela ta sallame ta, ta kai fasasshen bututun bindigar wurin Sagiru maƙeri. Ya zura ƙarfe ya zaƙulo busasshiyar laka.

"Da tsumma ake toshe albarushi, Sajan, laka kuwa fasa bindiga take. Wanda ya cusa wannan ɗan sana'a ne."

Daga nan ta bi ƙawayen amarya, waya bayan waya, tana kallon bidiyon harbin. A ta bakwai ta tsaya, ta sa aka kira Musbahu, babban 'yan bindigar.

"Da aka tafi sallar la'asar, wa ya tsare bindigogin?"

"Ni ne. Ka'idarmu ce, babba ke tsarewa."

"Kafaɗa da kafaɗa kuke harbi, ido a sama, don ku ga wutar. Haka ne?"

"Haka ne."

"To duba nan. Ba a kai ga harbawa ba ka ja da baya taku biyu, ka kare fuska da hannun riga. Shekara talatin kana wasa da wuta, me ka tsorata?"



"Ni na koya wa Jibirin riƙon bindiga," in ji Musbahu. "Yanzu ko'ina muka je, maroƙa sunansa suke kira, ni ko kallo ban ishe su ba. Wallahi abin yana cina. So na yi ya sha kunya a bainar jama'a."

"Marka ta tsira," in ji Pamela. "Amma na biya asibiti kafin in zo nan. Jibirin ya ce kada a taɓa tsohuwa, kuma a ba ka ɗaya bindigarsa ka ajiye masa, don kai kaɗai ya yarda da kai."

Musbahu ya miƙo hannuwansa biyu da kansa a sa masa ankwa.