Cizon da ke Jikin Ƙusa

Na rantse, ko Alƙur'ani na dafa ba za ku yarda da wannan ba. Ku ƙi mana. Davron yana nan da ransa, ku je ku ce ya yi muku murmushi.

Davron ɗan ƙanen Gwaggo Muhabbat ne, shi ke kula mata da gidan gadon da take ba 'yan yawon buɗe ido haya a tsohon garin Buhara. Makaranta ce ta kore shi, amma shi cewa yake shi ya kore ta. Doka ɗaya ya riƙe gam, don tana ba shi girma: baƙo ba ya kwana sai an ga fasfonsa, an dubi hoto an dubi fuska, an tura wa hukuma sunansa ta waya. A wurin masu shayi har ƙirji yake bugawa. "Ko aljani ne, sai ya nuna mini fasfo."

A zauren gidan akwai gurasa rataye a ƙusa, da cizo ɗaya a gefenta. A al'adarsu, mai doguwar tafiya kan ciza, a rataye masa saura, don rabonsa ya jawo shi gida. Wannan ta Baffa Eshmat ce, yayan Gwaggo, da aka kai yaƙi tsallaken kogi tun tana budurwa. Ko takalminsa bai dawo ba.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne, da bazara wani Bature ya cika baki wai babu abin da cikinsa ba ya narkarwa. Davron ya sauke gurasar, ya jiƙa a shayi, ya ce cimar sarakuna ce. Baturen a banɗaki ya yini. Gogan naka ya sayo sabuwa, ya gantsara, ya shanya a kan soro, ya shafe ta da toka, ya mayar ƙusa.

Ran nan Gwaggo ta tafi biki. Davron na yayyafa wa tsakar gida ruwa, ladan ya ɗaga murya da kiran magariba, sai aka buga ƙofa.

Dogon mutum ne cikin tsohon kwat ɗin soja, ƙafa ba takalmi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga shi shiga. Karnukan unguwa suka yi tsit.

"Sannu da hanya, Baba. Fasfo."

"Ba ni da shi."

"To ba ka da ɗaki."

"Baƙo ake tambaya takarda, ɗana." Muryar kamar ana jan tabarma a kan tsakuwa. "Ni gida na dawo."

"Kowa haka yake cewa. Jiya ma wani ya ce kakarsa 'yar lungun nan ce."

Davron ya ɗaga waya zai ɗauki hotonsa. Ga ƙofa a wayar, ga lungu. Babu mutum.

Ya sauke wayar. Mutumin yana cikin zauren.

"Ga shaidata can," in ji shi, ya miƙa hannu ya sauke gurasar.

Ya buɗe baki. Ya ɗora haƙoransa a gurbin cizon. Ƙas. Ya juya ta. Ƙas. Ba su zauna ba.

Ya shafa gurbin da yatsa, a hankali.

"Mai wushirya ne ya ciji wannan."

Davron ya tsuke baki. Ya makara.

"Ina tawa?"

Davron ya ja da baya, amma hali zanen dutse. "Tana cikin wani Bature, Baffa. Allah kaɗai ya san inda ya sauke ta."

"Wanda cizonsa ke ƙusa, shi ke kan hanya. Ni zan zauna. Kai ka tafi."

Ƙofar ta wangale. Babu lungu. Wata hanya ce doguwa tsakanin duwatsu, ga mutane a jere suna tafiya, babu mai waiwaye. Iska ta shigo da ƙaurin harsashi.

Ƙafafun Davron suka fara tafiya ba da izininsa ba.

Ya kama bango. Farce ya kankare ƙasa.

Sai ya tuna: matafiyi in ya cinye sauransa, ya dawo ke nan.

Ya fizge gurasar. Tauri kamar tubali. Ya gantsara.

Wani abu ya ɓalle a bakinsa.

Toka, jini, gishiri. Ya haɗiye. Ƙafa ɗaya ta tsallake dokin ƙofa. Sanyi ya kama ta har ƙashi.

Ya cusa saura, yana tauna da turame, yana shaƙewa.

"Na dawo! Ga ni na dawo, na cinye rabona!"

Hanyar duwatsun ta ɓace. Babur ya wuce a lungu. Ƙamshin shinkafa da karas ya taso daga maƙwabta. Mutumin yana waje yanzu, hannu a miƙe, tafin a buɗe.

"Ni fa?"

Davron ya tofar da jini. "Fasfo," in ji shi, ya banka ƙofa.

Da Gwaggo ta dawo, ta dubi ƙusa tsirara, ta dubi haƙora biyu a ƙasa, ta dubi sawun laka marar takalmi. Ya karanta mata komai, don ƙarya ba ta fita da kyau ta giɓi. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi.

"Yayana ya zo har zaure, ka tambaye shi takarda."

"Doka ce, Gwaggo."

"To ga tawa. Kai ka kore shi, kai za ka jira shi."

Tun daga ranar, kowace magariba Davron na zaune a dokin ƙofa, ƙofar a buɗe, da gurasa mai zafi a cinyarsa, ko Baffa zai dawo ya yi sabon cizo. In karnuka suka yi shiru, za ka ga gurasar na rawa.

Da safe kuwa yana wurin masu shayi, iska na fito ta giɓinsa. "Haƙori biyu ya ci mini, na yarda. Amma ku tambaye shi, ya kwana?"