Ganye a Bakin Tulu

Kumfa ce ke fara tashi. Da direba ya murɗa makulli, faranti biyu na ƙarfe da ke cikin tulun gilashin sai su soma fitar da ƙananan ƙwayoyin iska, su hau sama, su bi siririn tiyo su shige injin. Masana na kiran wannan iska haidirojin, mutanen Kano ta Ƙasa kuwa suka raɗa mata iskar-ruwa. Na'urar kanta sunan mai ita ta ci: Tulun Tanimu.

A zamanin nan jiragen lantarki ke shawagi tsakanin benayen Kano ta Sama, amma a ƙasa har yanzu tsofaffin bas-bas masu shan fetur ke jigilar talaka, fetur kuwa ya zama abin lallaɓawa kamar turaren amarya. Malam Tanimu, tsohon bakanike, rabin rayuwarsa ya ƙarar a kan tulun nan. Direbobi suka yi ta rantsuwa cewa mai na daɗe musu, kuma ba ƙarya suke yi ba, allurar tanki ta shaida.

Aibin tulun ɗaya ne. A gefen direba ake ɗaure shi, in ruwan ya fantsama ya taɓa wayoyin murfi, sai ya tsandara ƙara kamar akuyar da aka taka wa ƙafa, ya ɗauke aiki sai ya bushe. Ƙorafi ya ishi Malam Tanimu. Ran nan ya tuno yadda mahaifiyarsa ke yayyafa ganye a kan ruwan da ta ɗebo daga rafi don kada ya zube a hanya. Ya ƙera ganyen roba masu yawo a saman ruwan. Ko ramin da ya kai rijiya ka faɗa, ɗigo ba ya motsi. Kowa ya ruga ya canza zuwa Tulu Mai Ganye.

Sai mai ya dawo yana ƙarewa kamar da, har ma ya ɗara.

A tasha aka ce tsoho ya rage ingancin kaya da gangan. Mudi Guguwa, shugaban direbobi, wanda a da yake ce wa Malam Tanimu Baba, shi ya fara furta kalmar ɗan damfara a bainar jama'a. A masallaci ma sai Malam Tanimu ya ga sahu na yi masa faɗi. Abin ya ci shi ƙwarai. Ya hau Kano ta Sama wurin 'yarsa Barira, injiniya a ɗakin gwajin injuna na birni.

"Ba komai nake nema ba," in ji shi. "Sunana kawai za ki wanko mini."

Barira ta ɗora bas a kan gangunan gwaji, inda tayoyi ke gudu mota na tsaye, ta zaunar da direban-ƙarfe, mutum-mutumin da ke taka totur daidai wa daida ba ya ƙari ba ya ragi. Ta gwada tsohon tulu. Ta gwada sabo. Duk ɗaya. Ta cire tulun gaba ɗaya, sai motar ta fi jimirin mai. Ta zargi ma'auni, ta canza shi. Ta zargi direban-ƙarfe, ta aro wani. Amsa ba ta motsa ba.

A gaskiya littafi ya daɗe da gaya mata haka. Raba ruwa gida biyu wutar lantarki yake ci, wutar daga batir take fitowa, batir kuma injin ke yi masa caji da fetur. Ƙarfin da iskar-ruwa ke mayarwa in ta ƙone bai kai wanda aka kashe wajen samar da ita ba. Kamar mutum ya tsaya cikin kwando yana kiciniyar ɗaga kansa ne. Ta yi shiru shekara da shekaru saboda titi ya ƙaryata littafi, kuma mai tulun ubanta ne. To yanzu wa za ta gaskata? Ganguna sun ce tulu bai taɓa aiki ba. Direbobin gari guda sun ce ya yi. Kanta ya ɗaure tamau.

Da ta rasa tudun dafawa, ta roƙi Mudi ya mayar da tsohon tulu ya ɗauke ta zagaye ɗaya. Ya yarda yana ƙunƙuni.

Abin mamaki, Mudin da aka sani da tsere wa inuwarsa sai ga shi yana tashi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ido ɗaya a titi, ɗaya a tulu. Tun daga nesa yake sakin totur in ya hango danja. Wata bas ta sha gabansa ta kwashe fasinjan da ya hango, ko tsaki bai yi ba.

"Malam Mudi, dama haka kake tuƙi?"

"To ya zan yi, Injiniya? In na kuskura ya fantsama, ihu zai yi ta yi mini har Dawanau."

Barira ta ƙura wa ruwan ido yana lilo a hankali. Ta tuna kakarta da tulu a ka, yadda ba ta taɓa gudu ba. Nan take ta gano bakin zaren.

Da la'asar ta sami mahaifinta a gareji ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta abin da ya dame shi: yana aiki ko ba ya aiki?

"Yana aiki, Baba. Sai dai ba a injin ba. A ƙafar direba."

"Ganyen fa?"

"Ganyen ne ya cire musu tsoro."

Barira ta so su rufe maganar, a koma wa tsohon tulu kawai, kowa ya huta. Tsoho ya ƙi. Ya ce bai tsufa don ya sayar wa mutane tsoro da sunan kimiyya ba. Ya tara direbobi a tasha ya faɗa musu komai, ya zare farantan ƙarfe a gabansu, ya bar zallan ruwa da ƙararrawar da za ta yi ƙara in ya fantsama. A kwanakin farko mai ya daɗe fiye da kowane lokaci, tunda babu abin da ke tsotsar batir.

Amma wa zai ji tsoron ruwan da ya san ruwa ne kawai? Mudi ne ya fara tsinke wayar ƙararrawa. Wani ya zuba zoɓo a nasa. Kafin wata ya zagayo an koma tsere da rige-rigen fasinja, ana zagin fetur. Wasu kuma suka dage cewa tsoho ɓoye sirrin ya yi, suna bin bayan kasuwa suna neman tulun farko mai faranti, kuma duk wanda ya samu, wallahi mai na daɗe masa.

Ba wanda ya sake ce wa Malam Tanimu ɗan damfara. Ba kuma wanda ya sake zuwa garejinsa.

Wata safiya Barira ta kawo masa ruwan sha, ta cika kofin har baki, tana takowa sannu-sannu. Ya bi ƙafafunta da kallo har ta iso.

"Barira, ni har yanzu ban gane ba," ya ce. "Da na yi kuskure, gari ya amfana. Da na gyara, ya lalace. Da na faɗi gaskiya, ya mutu. To me na ƙirƙira?"

Ta miƙa masa kofin. A waje bas ɗin Mudi ta wuce a guje, bangon gareji ya girgiza, ruwan ya zubo mata a yatsu.